Daga Gangar Mai Shela Zuwa Akwatin Rediyo: Yadda Ake Sanar da Mutanen Damagaram Sha'anin Masu Tsaron Gari

Idan sarauta ta cika shekara ɗari, abin da aka fi tunawa shi ne sunayen sarakuna, da yaƙe-yaƙensu, da gine-ginen da suka bari. Amma akwai wani sha'ani da ya fi waɗannan kusa da rayuwar talaka, wato sanin masu tsaron garinsa: su wane ne, su nawa ne, wa ya aiko su, kuma ina za a kai ƙara idan ɗayansu ya wuce gona da iri. Magidancin da bai san amsar waɗannan tambayoyi ba, ko an cika unguwarsu da masu kaki, barcinsa rabi ne. Tarihin Zinder ya nuna cewa kowane zamani da irin hanyar da ya bi wajen ba jama'a wannan amsa, akwai kuma zamanin da ya hana su ita ɗungum.

Zamanin ganuwa

Tun da Sarki Sulaiman ya mai da Zinder mazaunin sarautar Damagaram a farkon ƙarni na 19, tsaron gari yana hannun fada. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shi ya kewaye Birni da ganuwa mai tsawo da kauri, ya kuma sa maƙera suka ƙera masa igwa a cikin garin. Ganuwar ta sa tsaro ya zama abin da ido ke gani. Kowace ƙofa da mai gadinta, ana rufe ta idan dare ya yi, fataken da suka zo daga Agadas ko Kano ko Barno kuwa masaukinsu Zango, a bayan ganuwa, inda mai masauki ke amsa tambaya a kan baƙonsa. Marigayi André Salifou, ɗan wannan gari, ya bayyana tsarin fadar wancan zamani a littafinsa kan Damagaram ta ƙarni na 19, wanda ya fito a 1971.

Masu zartar da umarnin Sarki a cikin gari su ne dogarai, a ƙarƙashin Sarkin Dogarai. Su ke kamo mai laifi, su tsare shi, su kai shi gaban alƙali ko gaban Sarki. Ba a buƙatar takarda don a gane dogari, domin rigarsa ja da kore da rawaninsa suna gabatar da shi tun daga nesa. Bayan haka kuma ɗan gari ne, an san gidan da yake kwana, an san ubangidansa a fada. Wanda dogari ya zalunta ya san ƙofar da zai bi: mai unguwa, daga nan wani bafade, daga nan Sarki.

Sabuwar doka kuwa bakin mai shela ke kai ta. Yakan fita da makaɗi a bayansa, ya tsaya a ƙofar fada, da kasuwa, da mararrabar unguwanni. Idan ganga ta yi shiru sai ya fara da isar da gaisuwar Sarki, sannan ya faɗi saƙo: an hana yawon dare daga lokaci kaza, ɓarawo ya tsere, an tsinci jaki ko yaro, an naɗa wane a kan kaza. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba, kafin magariba magana ta shiga kowane zaure.

Gaskiyar tarihi ta wajabta a ƙara da cewa hukuncin wancan zamani mai tsanani ne. Baturen Ingila James Richardson, wanda ya sauka Zinder a watan Janairu 1851, zamanin Sarki Ibrahim, ya rubuta yawan hukuncin kisa da ya tarar ana zartarwa. Shela umarni take kawowa, ba ta jiran amsa. Duk da haka talaka ya san dokar da ke kansa, a harshensa ya ji ta, kuma ya san fuskar mai zartar da ita.

Zuwan Nasara

A watan Mayu 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a Zinder. A ƙarshen Yuli 1899 sojojin Faransa suka ci yaƙin Tirmini suka shiga gari, Sarki Amadu Kuran Daga kuma aka kashe shi bayan ƴan makonni. Daga nan tsaron gari ya rabu gida biyu. Dogarai suna nan a fada, amma ƙarfi ya koma bariki, hannun kumandan da gardawansa masu jar dara, waɗanda jama'a ke kira gardi sarki. Da yawa daga cikin na farko tsofaffin sojoji ne daga yamma, musamman ƙasar da ake kira Mali a yau, ba su jin Hausa, ba su da dangi a gari. A karkara da hanyoyin arewa kuma aka sa ƴan gumiye a kan dawaki da raƙuma.

A nan ne igiyar sanarwa ta tsinke. Dokoki da Faransanci ake rubuta su. Adadin gardawa da albashinsu da canjin wurin aikinsu suna cikin rahoton da kumandan ke aika wa gwamna, ba wanda ya taɓa karanta shi a kasuwa. Tsakanin kumandan da jama'a akwai mutum ɗaya, tafinta, abin da ya ga dama shi ke ƙetarawa. Dokar da Nasara ke kira andijena ta ba kumandan ikon jefa mutum kaso har kwana 15, a farkon zamanin, ba tare da shari'a ba. Mai shela bai daina fita ba, sai dai yawancin saƙonsa ya koma na lanho, da aikin dole, da ɗibar soja.

Abin da ya faru a 1906 ya isa misali kan haɗarin mulkin da ke dogara ga raɗa. Nasara suka zargi Sarki Amadu Ɗan Basa, da babban attajiri Malam Yaro, da tafinta Ali Jallo da ƙulla makircin tawaye. Aka tuɓe Sarki, aka kai su Kodebuwa, aka ɗora Ballama, wani bafaden gidan, ya riƙe gari. Shekara 17 Damagaram ba ta da Sarki daga gidan sarauta, sai a 1923 da aka naɗa Barma Mustafa. A tsakanin nan Zinder ta zama babban birnin ƙasa daga 1911, har 1926 da aka mai da mazaunin gwamna Yamai. Aikin dole da dokar andijena ba su kau ba sai a 1946, amma tsoron mai kaki da suka shuka ya daɗe bayansu. Tsofaffi da dama sun rasu suna ganin cewa tambayar jami'i sunansa ko dalilin kamu neman fitina ne.

Bayan ƴancin kai

Gidan Rediyon Nijar ya fara aiki a 1958, shekara biyu kafin ƴancin kai na ranar 3 ga Agusta 1960. A 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo, inda mutanen unguwa ko ƙauye ke taruwa a gindin akwati ɗaya, su saurara, su tattauna, a naɗi muryarsu a mai da ita gidan rediyo. Wannan ne karo na farko da saƙon hukuma ya samu hanyar dawowa da amsa. Bayan 1974 gidan ya ɗauki sunan Muryar Sahel, kuma filin sanarwa ya zama gadon mai shela. A cikinsa ake jin cigiyar abin da ya ɓata, da kiran wanda ake nema a kwamisariya, da ranar jarrabawar ɗaukar sababbin ƴan sanda da jandarmomi, da takardun da mai nema zai kawo.

Sai dai rediyon gwamnati abin da gwamnati ke so a ji shi take faɗa. Zamanin jam'iyya ɗaya, musamman bayan haramta Sawaba a 1959 da tashin hankalin 1964, wani ɓangare na aikin masu tsaro ya koma sa ido kan ƴan siyasa. Zamanin Janar Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, an farfaɗo da samariya, ta zama hanyar isar da saƙo unguwa-unguwa da shirya aikin gayya, amma a majalisun hira mutane na sassauta murya don gudun ƴan sandan ciki. Ƙofar tambaya ba ta buɗe sosai ba sai bayan babban taron ƙasa na 1991, lokacin da jaridu masu zaman kansu suka yawaita, gidajen rediyo masu zaman kansu irin su Anfani kuma suka bayyana a tsakiyar shekarun 1990. Daga baya wayar salula ta zo, mai sauraro ya samu damar bugowa kai tsaye ya tambayi baƙon da ke cikin ɗakin watsa shiri, ko da baƙon mai anini ne a kafaɗa.

Gari ya wuce ganuwa

Ƙidayar jama'a ta nuna girman aikin. Mutanen Zinder wajen 54,000 ne a 1977, suka kusa 120,000 a 1988, suka haura 170,000 a 2001, suka wuce 235,000 a 2012. Garin da mai shela ke gamawa da ƙafa kafin la'asar ya zama mai gundumomi biyar. Birni da Zango sun samu ƙanne irin su Sabon Gari, da Garin Malam, da Kara-Kara, da wasu unguwanni da ke tsirowa kowace shekara. A cikin shekarun 2000 ƙungiyoyin matasa da ake kira pale suka yi suna, har Aisha Maki, ƴar garin, ta yi fim a kansu mai suna Zinder, wanda ya fito a 2021. Tarzomar ranar 16 ga Janairu 2015, wadda aka ƙone cibiyar al'adun Faransa da majami'u a cikinta, aka kuma rasa rayuka har da na ɗan sanda, ta nuna cewa gari mai wannan girma kan iya fin ƙarfin masu tsaronsa cikin yini guda.

A irin wannan gari, rashin sani kansa haɗari ne. Masu kaki iri-iri ne, kowane da aikinsa. Ƴan sanda na ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, aikinsu cikin birni, ana ɗaukarsu ta jarrabawa a horar da su a makarantarsu ta Yamai. Jandarmomi na ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, sun fi kula da karkara da manyan hanyoyi. Gardawan ƙasa, magadan gardi sarki ta hanyar gardawan jamhuriya, waɗanda suka samu sunansu na yanzu a 2010, su ke gadin gidan kaso da gine-ginen gwamnati da manyan jami'ai. Ƴan sandan ma'aikatar magajin gari kuwa sha'aninsu kasuwa da tasha da tsabtar gari. Wanda bai rarrabe su ba sai ya kai ƙara inda ba a karɓarta, ya gaji ya haƙura, ko ya faɗa hannun mayaudarin da ya saye kaki a gwanjo. Haka nan mutane da yawa ba su san cewa a kan laifuffukan yau da kullum doka ta iyakance tsare mutum a kwamisariya ko birgad ga awa 48 ba, sai mai gabatar da ƙara na gwamnati ya yarda a ƙara wasu 48.

Matsayin fada

Dokar sarautar gargajiya ta 1993, da wadda ta gaje ta a 2015, sun ɗora wa sarakuna da masu unguwa sa ido kan zaman lafiyar jama'arsu da sanar da hukuma abin da ke barazana gare shi. Sun kuma ba su ikon sasanta rigingimun al'ada, da na zamantakewa, da na ciniki. Laifin da ya shafi jini ko sata aikin kotu ne. Dogari na yau ba ya kamu irin na da, amma har yanzu sammacin da ya kai gida ana amsa shi, kuma rigima da yawa a zauren mai unguwa take mutuwa kafin ta isa kwamisariya.

Jami'in gwamnati baƙo ne mai wucewa. Kwamishinan ƴan sanda kan yi ƴan shekaru a canja masa wuri, majalisun da aka zaɓa tun 2004 su ma an rushe na ƙarshensu a 2024 aka naɗa masu riƙo. Fada ce ba ta tashi, ita ce ta san wane gida ke rigima da wane tun kakanni. Saboda haka ita ta fi cancanta ta riƙe igiyar sanarwa. Idan sabon shugaban ƴan sanda ko na jandarmomi ya zo gaisuwa fada, kamata ya yi masu unguwa su kasance a wurin, su san sunansa, su kai wa jama'arsu. Idan an buɗe sabon ofishi, ko an ƙara ma'aikata, ko an rage su, ya dace a faɗa a rediyo da masallatan Juma'a da Kasuwar Dole ranar Alhamis. Ba a neman a tona sirrin sintiri ko na bincike. Abin da ake nema shi ne mutumin Kara-Kara ko Garin Malam ya san ofishin da ke kula da unguwarsu, da lambar da zai kira da tsakar dare, da abin da ake biya da wanda kyauta ne, da inda zai kai kuka idan jami'i ya ci zarafinsa. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, uzurin rubuta irin wannan sanarwa da Faransanci kaɗai ya ragu ƙwarai.

A yau saƙon murya na WhatsApp yana gama gari kafin jami'i ya gama sa hannu a takarda, kuma mai tura shi ba ya faɗin wanda ya aiko shi. Mai shela na da kuwa da sunan Sarki yake farawa, kowa ya san inda za a koma idan maganar ta zama ƙarya. Wannan gado ne da ya rage ga masu unguwa, da ma'aikatan rediyo, da shugabannin masu tsaro su raba a tsakaninsu: duk labarin da ya shafi tsaron gari ya fito da wuri, da harshen jama'a, ɗauke da sunan wanda ya faɗe shi.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya jiƙan magabata, ya zaunar da Damagaram da Nijar baki ɗaya lafiya.