Tsabar Larduna: Daga Iskandariyya Zuwa Romi

Unguwar Romi, wadda ke kudu da Kogin Kaduna, ba ta haɗa kome da birnin Rum ba, in banda kamar suna. Tsabar Rumawa ma ba ta taɓa zama kuɗin ciniki a ƙasar Hausa ba. An dai sami alamarta a cikin Hamada, alal misali a kabarin Tin Hinan da ke Abalessa, kudancin Aljeriya, inda aka tono tambarin tsabar Sarki Kustantin a kan fallen zinariya a 1925. Duk da haka, tsohon da ke Romi wanda ya adana anini a ƙasan akwatinsa yana riƙe da ɗan'uwan abin nan da masu tara tsoffin kuɗi ke kira tsabar lardunan Rum.

Daular Rum tana da kuɗinta na zinariya da azurfa masu yawo ko'ina. Amma ta ƙyale ɗaruruwan birane, galibi na gabas, su riƙa buga ƙananan kuɗi na tagulla domin cefanen yau da kullum. A fuska guda kan Ƙaisar ne, a ɗaya fuskar kuwa abin da garin ke taƙama da shi, ko gunkinsa, ko ɗakin bautarsa, ko koginsa. Rubutun ma galibi da Yunananci ake yi, ba da Latinanci ba. A Lebda da Sabrata, cikin Libiya ta yau, har da harshen Finiƙawa aka yi rubutu a zamanin Agustus.

Masar ta fi kowa tsanani. Kuɗin da ake bugawa a Iskandariyya shi kaɗai ake karɓa a cikin ƙasar, fatake sai sun yi canji a bakin iyaka. Kowace tsaba tana ɗauke da shekarar sarautar Ƙaisar, shi ya sa masana tarihi ke ƙaunarta. A bayanta akan ga hasumiyar fitilar gaɓar teku, ko dorina, ko Kogin Nilu a siffar dattijo yana kishingiɗe da kada a gefensa, abin da zai ba Bakadune dariya, tun da ana cewa daga kadduna garinsa ya samo suna. Wannan tsari ya ɗore har wajen shekara ta 296 Miladiyya, sa'ad da Sarki Diyokiletiyan ya soke shi.

To, Ingilishi ma haka suka yi. Da suka ci ƙasar Hausa a 1903, wuri suka tarar ana ciniki da shi, kwabon Ingila kuwa ya yi wa mai sayen gishiri da daddawa nauyi. Saboda haka a 1907 aka buga wa Nijeriya tsabarta, watau kwabo da anini, anini goma kwabo guda. Aninin farko na sanholo ne, yana cikin kuɗin sanholo na fari a duniya, amma bai jure ba, a 1908 aka koma ga gaurayen jan ƙarfe da nikel. An huda tsakiyarsa yadda za a iya shirya shi a zare. Hudar nan ta hana a sa kan sarki, sai kambi da suna kawai. A baya aka zana tauraro mai tsini shida, a gaba kuma aka rubuta darajar kuɗin da baƙaƙen Larabci. Wannan rubutu shi ne abin lura. Mai mulki ya san cewa waɗanda ke iya karatu a Kano da Zazzau da Sakkwato ba boko suke karantawa ba, kamar yadda Ƙaisar ya san mutanen Iskandariyya ba su jin Latinanci.

Rashin hoton nan ya haifar da wani abin mamaki. Sarki Edward na Takwas ya yi murabus a watan Disamba na 1936, kafin a fitar da kuɗi mai kansa a Ingila. Amma kwabo da ɗari da anini na Afirka ta Yamma sun riga sun fito da sunansa. Sarkin da mutanen London ba su kashe kuɗinsa ba, an sayi goro da shi a Kaduna.

Kaduna kuwa gari ne da aka gina da albashi. Tun da aka mai da shi hedkwatar Arewa a 1917, leburorin reluwe da sojoji da ma'aikatan gwamnati tsaba ake biyansu, haraji ma da ita ake karɓa. Haka masaƙar Kakuri, maƙwabciyar Romi, da ta fara aiki a 1957, da sule da sisi da taro ta fara sallamar ma'aikatanta. A 1959 Tarayyar Nijeriya ta fitar da nata kuɗin, ba anini a ciki, sa'an nan naira ta zo ranar 1 ga Janairu, 1973.

Masu tara tsabar Rum suna gargaɗin kada a goge ta, domin koren tsatsar da ke jikinta shi ne shaidar shekarunta. A nan kuwa yawancin aninai sun ƙare ne a wasan yara, wasu an narke su, wasu kafintoci sun mai da su wasa a ƙarƙashin ƙusar kwano. Kalmar ce ta fi ƙarfen daɗewa: har gobe ana cewa wane ko anini ba shi da shi, kuma ɗari, rabin kwabo, tana tunasar da lokacin da wuri ɗari ne canjinta.