Ƴan makarantar Ponti da tahiyarsu Paris a 1937

Da an liƙa takardar musayar ɗalibai a allon sanarwa, kun san yadda ake yi. Kowa ya bazama neman hoto da paspor, wanda bai taɓa gaishe da malami ba ya fara gaishe shi don takardar shaida. Ni ma ina cikin layin, ban ɓoye ba. Amma da yake harsuna nake karanta, kalmar nan ta musaya ta tsaya mini a rai. A kasuwar Maraɗi in an ce musaya, ka ba da ne a ba ka, kuma kowa ya san abin da ya fita hannunsa. Shi ya sa na koma baya na duba wata tahiya da ɗaliban Afirka ta Yamma suka yi tun kakanninmu na samari, don in ga mi suka kai, mi suka kawo.

Makarantar ita ce William Ponty, wadda tsofaffin mushe-mushe ke ce ma Ponti. Faransawa sun kafa ta a Saint-Louis ta Senegal a 1903, suka maida ta tsibirin Gore a 1913, daga baya kuma Sebikotane kusa da Dakar. Aikinta shi ne ta fidda malaman lakkwal da akawuna da masu shirin karatun likita ga dukan ƙasashen da Faransa ke mulki a yankinmu. Ɗan Nijar da ya ci jarabawar shiga sai ya bar gida shekaru. Boubou Hama, ɗan Foneko, ya bi ta Dori da Wagadugu kafin ya isa Gore, kuma shi ne ɗan Nijar na farko da ya fito malami daga can, a 1929. Diori Hamani da Djibo Bakary su ma sun bi bayansa. A wannan makaranta ne Houphouët-Boigny da Modibo Keita suka yi karatu.

Wajen 1933 aka ɓullo da wani aikin bakans mai ban mamaki. Ɗalibi in zai tahi hutu gida, sai a ce ya rubuto yadda mutanensa ke rayuwa: aure, abinci, magani, wasan yara, tatsuniyoyi, abin da suka yi imani da shi. Ku tuna fa, wannan zamani ne da yaro ke shan horo a lakkwal in an ji shi yana magana da harshen uwarsa. Harshen da aka hana shi a aji, shi aka aike shi ya je ya tatso daga bakin tsofaffi, ya juye shi cikin Faransanci, ya kawo a ba shi maki. Ɗaruruwan waɗannan kaye suna ajiye har yau a cibiyar IFAN ta Dakar, kuma UNESCO ta sa su cikin kundinta na abubuwan tarihin duniya a 2015.

Daga irin wannan tono ne tiyatir ɗin Ponti ya tashi. Ɗaliban kowace ƙasa sukan haɗu su shirya wasa kan tarihi ko al'adar gida, su nuna a bikin ƙarshen shekara. Wani malami Bafaranshe, Charles Béart, shi ya ɗaure ma abin gindi. Bernard Dadié na Kodebuwa, wanda ya zama babban marubuci, yana ɗalibi a can ya rubuta wasansa Assémien Déhylé. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda aka raba harsuna a dandalin. Zance da muhawara da duk abin da ke ɗauke da ma'anar labari, da Faransanci ake yin su. Waƙa da kiɗa da rawa aka bar ma harsunan gida. Wato Faransanci ya yi tunani, namu ya yi amshi.

A 1937 Paris ta shirya babban baje kolin duniya, sai aka ɗauki wata ƙungiya ta ƴan Ponti aka kai su. Sun yi wasa a gidan tiyatir na Champs-Élysées, cikin abin da suka nuna har da Sokamé, wasan ƴan Dahome kan budurwar da za a ba maciji don a samu ruwa. Shekara shida ke nan kacal bayan baje kolin mulkin mallaka na Vincennes na 1931, inda aka gina ƙauyukan ƙarya aka zuba ƴan Afirka don Turawa su yi kallo. Wannan karon waɗanda suka hau dandali masu ilimi ne, suna Faransanci tsaf, kuma abin da gwamnatin mallaka ke son a gani ke nan: ga yaran da muka wayar, ga kuma al'adunsu mun adana musu. Samarin sun ga Paris, an tafa musu, suka komo suka ci gaba da jiran albashin da bai kai na Bature mai irin aikinsu ba.

Akwai wata tahiyar da ta fi kusa da mu. Diori Hamani, bayan ya koyar a Nijar, ya je Paris a ƙarshen shekarun 1930 yana koyar da Hausa da Zabarmanci a makarantar da ke horar da jami'an mulkin mallaka. Ku duba wa yake koya ma: samarin da za su zo gobe su zama kwamanda, su karɓi bodo, su yi shari'a. Hausa ta shiga aji a Paris alhali a Damagaram da Tawa tana tsaye a ƙofar aji. Ban ce Diori ya yi laihi ba, aiki aka ba shi ya yi. Amma in ana lissafin musaya, wannan kaya ne da ya fita, kuma an san wanda ya ci ribarsa.

Duk da haka ba zan ce ƴan Ponti sun dawo hannu wofi ba, don zai zama ƙarya. Ribarsu ba a dandalin Paris take ba, tana ɗakin kwana. Can ɗan Nijar ya kwana kusa da ɗan Gine da ɗan Sudan ta Faransa, wato Mali ta yau, suka gane bulala guda ke dukansu. Da aka kafa jam'iyyar RDA a Bamako a 1946, da yawa daga manyanta sun san juna tun suna gajeren wando. Faransa ta tara su don ta samu ma'aikata, su kuwa suka samu juna. Abdou Moumouni, ɗan Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya bi ta Ponti ya wuce Paris, ya shiga ƙungiyar ɗaliban baƙar Afirka ta FEANF da aka kafa a 1950. A littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka ya tsaya kai da fata cewa a koyar da yara da harsunansu. Masanin fizik ne fa, ba ɗan sashenmu ba.

Wata ƙawata ta je irin wannan musaya bara, sati ukku. Ta ce an karrama su ƙwarai, sai dai a daren al'adu an roƙe ta ta ɗaura zane ta yi rawa, kuma ba wanda ya tambaye ta binciken da take yi kan karin sautin Hausa. Ta yi rawar, don ta iya.

Ni kuma a bakans ɗin da ya wuce na zauna da kakata ina naɗar tatsuniyoyinta a waya, don in ƙara ma dosiyena nauyi. Ina cikin juya ta ukku zuwa Faransanci na lura aikin hutun ƴan Ponti nake yi, babu ko Béart a kaina. Na sayi sabon kaye, na fara daga farko, Hausarta a shafin hagu yadda ta faɗe ta, da hwa ɗinta da duk wani "ke nan", fassarar a dama. Na kai ta tara yanzu, saura huɗu.