Majami'ar Falls Church: gini na wane ne?

A jihar Birjiniya ta Amurka akwai wata majami'ar Angilikan, Falls Church, wadda aka kammala gininta a 1769. A watan Disamba na 2006 mafi rinjayen masu ibada a cikinta suka ƙuri'anci ficewa daga Cocin Efiskofal, wato reshen Angilikan na Amurka. Mafarin rikicin shi ne naɗin Gene Robinson bishop a 2003, mutumin da bai ɓoye cewa da namiji yake zaman tare ba. Masu ficewar suka koma ƙarƙashin Cocin Najeriya, zamanin shugabancin Peter Akinola. Sai dai ginin ba ya tashi ya bi su.

Dayosis, wato lardin da bishop ke shugabanta, ya riƙe hujja guda: tun 1979 cocin ya kafa doka cewa duk wata kadarar majami'a amana ce da jama'a ke riƙe wa lardi da uwar coci. Su kuwa jama'ar suka tono wata dokar jihar ta 1867, wadda aka yi bayan yaƙin basasa, lokacin da batun bauta ya daddatsa ɗariƙun Kirista. Dokar ta ce in coci ya rabu, masu rinjaye su zaɓi reshen da za su bi, tare da dukiyarsu. A 2008 alƙali ya ba su gaskiya.

Abin mamaki, mafakar da suka nema ita ta kayar da su. A 2010 kotun ƙolin Birjiniya ta ce ƙungiyar da ke ƙarƙashin Najeriya ba reshen Cocin Efiskofal ba ce, don haka tsohuwar dokar ba ta shafe su ba. A 2012 suka miƙa makullai, a 2014 kotun ƙolin Amurka ta ƙi sauraron ƙararsu.

Alƙalan ba su taɓa tambayar wa ya fi bin Linjila ba. Tsarin mulkin Amurka ya hana su. Takardun filaye da dokokin amana kawai suka duba, kuma waɗannan sun bambanta daga jiha zuwa jiha. Shi ya sa a Teksas, a 2020, masu ficewa na lardin Fort Worth suka ci shari'a suka riƙe gine-ginensu, alhali dokar 1979 ɗin nan ce aka kafa musu hujja da ita.