Motar da ke Durƙusawa Kamar Raƙumi: Tarihin Ƙafar Mota Mai Aiki da Mai, Daga Faransa Zuwa Nasarawan Doya

Yau tarihin namu ba na sarakuna ba ne, ƙarƙashin mota za mu leƙa, wajen da kanikawa ke kira ƙafar mota, wato sifirin da shokozoba da duk abin da ke tsakanin taya da bodi. Mu da muka taso a ƙasar Makarfi da Ikara da Kudan mun san darajar wannan waje ko da ba mu san sunayen ƙarafan ba, domin duk wanda ya taɓa shiga motar da aka danƙara wa rake ko kwandunan tumatir a hanyar ƙauye da damina, ƙugunsa ya ba shi labari.

Matsalar da injiniyoyi suka daɗe suna fama da ita mai sauƙin faɗa ce. Idan sifirin ya yi laushi, fasinja zai ji daɗi, amma da an yi lodi sai mota ta zauna, gindinta ya riƙa dukan ƙasa. Idan ya yi tauri, zai ɗauki kaya, amma tafiya za ta koma kamar ta amalanke. Kamfanoni biyu na ƙasar Faransa, Citroën da Peugeot, kowanne ya kawo tasa amsa. Ɗaya ta burge duniya, ɗayar kuma ita ce ta cika tashoshinmu.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu hanyoyin Faransa sun lalace ƙwarai. Wani ma'aikacin Citroën mai suna Paul Magès ya zo da shawarar a cire sifirin na ƙarfe gaba ɗaya, a ɗora mota a kan iska da mai. An fara sa dabarar a tayoyin baya na wata motar kamfanin a 1954. A watan Oktoban 1955 aka baje sabuwar mota mai suna DS a kasuwar baje kolin motoci ta birnin Faris, duk ƙafafunta huɗu a kan wannan tsari. A ranar farko kaɗai mutum 12,000 suka ba da oda.

Ga yadda abin yake aiki. A kan kowace taya akwai wani ƙwallon ƙarfe, girmansa bai kai tulu ba. An raba cikinsa gida biyu da tantanin roba. A sama an ɗura iskar naitirojin da ƙarfi, a ƙasa kuma mai ne. Iska tana matsuwa, mai ba ya matsuwa. Idan taya ta hau tudu, sai ta tura man, man ya tura tantanin, iskar ta matsu ta shanye dukan, sannan ta dawo da komai mazauninsa. Injin motar ne ke juya wani famfo da ke tura man ta cikin siraran bututu. Akwai kuma wani ɗan makunni a gaba da baya da ke auna tsayin motar daga ƙasa. In an yi lodi ta sunkuya, sai ya ƙara mai ta miƙe. In an sauke kaya, sai ya rage. Ko mutum ɗaya ne a ciki ko an cika ta maƙil, tsayinta ɗaya ne. Direba yana da wata 'yar sanda da zai ɗaga motar idan hanya ta yi muni, kuma da ita ake ɗaga motar a canja taya ba tare da jak ba. Idan an kashe injin aka bar ta, a hankali take durƙusawa, in an tayar kuma ta miƙe, kamar raƙumin da aka gama yi wa lafto.

Wannan ƙa'ida ta tura ƙarfi ta cikin mai ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Ita ce ke ɗaga bayan tifa ta zubar da yashi, ita ke ɗaga garmar tarakta, ita ce a cikin jak ɗin mai faci. Wani Bafaranshe, Blaise Pascal, wanda ya rasu a 1662, shi ya bayyana ta tun kafin a san za a yi mota.

Sunan DS ya ƙara fita a ranar 22 ga Agusta, 1962. 'Yan bindigar da ke jin haushin 'yancin da aka ba Aljeriya sun yi wa shugaban Faransa, Janar Charles de Gaulle, kwanton ɓauna a Petit-Clamart, kusa da Faris. Harsasai sun huda motar, sun fasa tayoyi, amma ba ta kife ba, direban ya fice da shugaban da matarsa lafiya. Manyan kamfanoni suka bi sahu. Rolls-Royce ya sayi izinin amfani da dabarar a motarsa Silver Shadow ta 1965, Mercedes kuma ya sa irin wannan tsari a babbar motarsa 450 SEL 6.9 a 1975.

To amma kowane allazi da nasa amanu. A DS, mai ɗaya ne ke riƙe da ƙafa da birki da sitiyari. Bututu ɗaya ya tsage, abubuwa da yawa sun shiga haɗari. Man da aka fara amfani da shi ja ne, kuma yana zuƙar danshi daga iska, sai ya sa tsatsa a ciki. A 1966 kamfanin ya canja zuwa wani kore mai suna LHM, har ya riƙa shafa wa kayan koren fenti don kada bakanike ya ruɗe, domin idan aka haɗa man biyu robobin ciki lalacewa suke yi. Kamfanin kansa bai tsira ba. Ya faɗa matsalar kuɗi a 1974, zuwa 1976 Peugeot ya mallake shi. An daina ƙera DS a 1975.

A wannan shekara ta 1975 ɗin ne, zamanin Janar Yakubu Gowon, masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci, bayan an kafa kamfanin a 1972. Lokaci ne na kuɗin man fetur, tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe da jiragen siminti. Sai aka riƙa ɗauko kayan motocin ta jirgin sama daga birnin Liyon na Faransa zuwa Kano, daga nan a loda su a manyan motoci zuwa Kaduna, a kan hanyar Kano zuwa Zariya da ta ratsa yankinmu. Motar da ta fi yin suna cikin waɗanda aka harhaɗa ita ce 504, wadda iyayenmu ke kira Fijo. Ta fito a Faransa a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969, ta kuma lashe tseren Safari na Kenya a 1975. Bayan kisan Janar Murtala Muhammed a ranar 13 ga Fabrairu, 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta ɗauki tsarin rage almubazzaranci, 504 ta zama motar manyan jami'an gwamnati.

Amsar Peugeot ba ta da famfo, ba ta da ƙwallon iska. Sifirin ne na ƙarfe mai tsawo, da shokozoba mai ƙwari, da isasshen fili da taya za ta yi sama ta yi ƙasa ba tare da ta daki bodi ba. Doguwar, wadda ake kira wagon mai layin kujeru uku, an sa mata sifirin biyu-biyu a kowace tayar baya saboda kaya. A-kori-kura kuma sifirinta na falle-falle ne irin na manyan motoci. Duk abin da ke ciki bakanike zai gan shi da idonsa, ya kwance da sifana a gindin bishiya, ya mayar. Kayan gyara kuma ga su nan kusa, a Kaduna da Zariya da kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Abin da ya gagara samu, maƙeran Panteka su kwaikwaya. Shi ya sa aka daina ƙera zubin 504 na farko a Turai tun 1983, amma a Kaduna aka ci gaba da harhaɗa ta har 2006.

Sai dai a lura, aikin mai bai bar mu ba ko a cikin Fijo. Shokozoba kanta bututu ce cike da mai, da wani fistin mai ƙananan ramuka. Sifirin shi ke ɗaukar nauyi, amma in aka bar shi kaɗai mota za ta yi ta tsalle. Shokozoba ce ke kashe tsallen, ta hanyar tilasta wa mai bi ta waɗannan ramukan, sai ƙarfin dukan ya koma zafi. Babban aikinta shi ne ta manne taya da ƙasa, domin tayar da ke sama ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari.

A farkon shekarun 1980 naira ta fi dala daraja. Daga 1986, da tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Janar Babangida, darajarta ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Motocin hannu na Turai, 'yan Kwatano, suka cika ƙasa. Tun daga nan yawancin motocin da ke hanyoyinmu sun riga sun tsufa kafin su iso, kuma rayuwarsu ta koma hannun bakanike. Ta wannan ƙofa ce dabarar Magès ta dawo mana. Doguwar Marsandi ta ƙarshen shekarun 1970 tana da tsarin daidaita tsayi da mai a tayoyin baya. Lexus LX 470 da ta fito a 1998, da wasu Land Cruiser na zamaninta, suna da ƙwallayen naitirojin da famfo, suna ɗagawa suna sauka. Da suna sababbi manya ne ke hawa. Yanzu sun tsufa, sun faɗo hannun masu ƙaramin ƙarfi, tare da duk laluransu.

Mai irin wannan mota akwai abubuwan da ya kamata ya riƙe. Na farko, man da kamfani ya ce shi kaɗai ake zubawa. Man birki ko baƙin mai ko na giya ba madadi ba ne, araha ba ta ado. Na biyu, tsafta. Ramukan da man ke bi ƙanana ne ƙwarai, ƙurar hunturu kaɗan ta isa ta toshe su, saboda haka sai an wanke wajen kafin a buɗe, a kuma canja man da wanke matatarsa a kan lokaci. Na uku, ƙwallayen suna tsufa. Iskar tana zurarewa a hankali cikin shekaru, ko tantanin ya fashe. Alamar ita ce mota ta yi tauri tana buga mutum ko a kan kwalta mai kyau, tunda mai ne kawai ya rage, shi kuwa ba ya matsuwa. In aka ci gaba da tafiya a haka, dukan da iska ya kamata ta shanye sai ya koma kan bututu da robobi. Na huɗu, kuma wannan batun rai ne, ba a kwance bututu sai an sauke matsin man tukuna, ba a kuma shiga ƙarƙashin motar don an ga ta ɗaga kanta. Sai an tokare ta da ƙarfe mai ƙwari, domin in mai ya zurare, nan take za ta sauko a kan wanda ke ƙasa. Wahalar samun kayan nan ce ta sa masu irin waɗannan motoci da dama ke cire tsarin baki ɗaya, su sa sifirin da shokozoba na gargajiya. Wato bayan shekaru masu yawa, amsar Peugeot ce ake komawa gare ta.

Ga sauran motocinmu na haya kuwa, alamun mutuwar shokozoba a bayyane suke. Za a ga mai ya jiƙa jikinta. In aka danna kusurwar mota aka saki, za ta yi ta rawa maimakon ta tsaya nan da nan. Taya za ta riƙa cinyewa gurbi-gurbi, in aka taka birki kuma gaban motar ya nutse. Ana canja su ne biyu-biyu, hagu da dama tare. Huda tsohuwa a ɗura mata mai a toshe yana ɓoye ciwon na ɗan lokaci ne kawai, domin robar da ta bar man farko ya fita ita za ta bar na biyu. Lodin da ya wuce ƙima kuma shi ke kashe su da wuri. Direban da ya taso daga Nasarawan Doya da buhunan masara har kan rufi da fasinjoji a matse, ya hau babban titi a Tashar Yari da matacciyar shokozoba, ranar da akuya ko ɗan acaɓa ya gitta masa, a ranar zai gane cewa birki ba ya kama tayar da ba ta taka ƙasa sosai.

Citroën ya daina sa wannan tsari a motocinsa na Turai a 2017. Fijo 504 kuwa, shekaru bayan ta bar masana'anta, har yanzu ana cin karo da ita a hanyoyin kasuwannin ƙauye, fenti ya koɗe, ƙofa da igiya, amma tana tafe. Abin da ya raba su shi ne wadda ta samu masu gyara da kayan gyara a kusa. Mutanen da suka riƙe 504 da rai har yau tsofaffin kanikawa ne da suka koyi aiki a gareji tun suna yaran shago, suna gane ciwon ƙafar mota da kunne kafin su durƙusa. Iliminsu a ka yake, kuma shekaru sun ja musu. Wanda ke da irinsu a garinsu, ya je ya gaishe su, ya tambaye su yadda aka yi, tun suna nan.

Allah Ya kiyaye mana hanya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a kanta.