Zumunta, Adashi da Waƙa: Nazarin Rayuwar Yau da Kullum ta Mace Kirista a Kudancin Birnin Kaduna

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda mace Kirista mai magana da Hausa ke raba lokacinta tsakanin neman abinci, ibada da nishaɗi a unguwannin kudancin birnin Kaduna. Ta dogara da rubutaccen tarihin birnin da na ikilisiyoyinsa, da kuma lura da abin da ke gudana a fili a coci da kasuwa. Maƙalar ta nuna cewa zumuntar mata ce ta ɗauki nauyin da albashin masaƙa, dangi da tsofaffin maƙwabta suka saba ɗauka, kuma a cikinta ne mace ke samun hutu da jari da faɗa-a-ji.

Gabatarwa

Yawancin abin da aka rubuta game da Kiristocin Kaduna labarin rikici ne: na Fabrairun 2000, na Nuwamban 2002, da wanda ya biyo bayan zaɓen Afrilun 2011. A irin waɗannan rubuce-rubuce mace kan fito a matsayin gwauruwa ko 'yar gudun hijira, sannan ta ɓace. Ba a cika tambayar yadda take kwana da tashi idan ƙura ta lafa ba. Barbara Cooper, a littafinta na 2006 kan Kiristocin Maraɗi, ta ba rayuwar mata a ikilisiya muhimmanci, amma babban birni irin Kaduna yana da nasa yanayin da ya cancanci a dube shi daban.

Yadda birnin ya tsara mata rana

Kaduna gari ne na baƙi tun asali. Turawa suka mayar da shi hedikwatar Arewa a 1917, jirgin ƙasa da aikin gwamnati suka jawo mutane. Daga 1957, da aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, sai Bajju, Atyap, Ham, Adara, Agworok da mutanen Filato da Binuwai suka yi ta kwararowa, suka tarar da Gbagyi a ƙasarsu. Kamfanin harhaɗa motocin Peugeot a 1975 da matatar mai a 1980 suka ƙara yawan ma'aikata a wannan ɓangare na kudancin birnin. Hausa ce ta haɗa su duka, a layin famfo da kuma a kan bagadi.

Abu biyu suka girgiza wannan tsari kusan a lokaci guda. Na farko, rikicin 2000 da na 2002 ya sa jama'a suka rabu bisa addini, Kogin Kaduna ya zama kamar iyaka: Kiristoci suka taru a Sabon Tasha, Television, Narayi, Unguwar Romi da Gonin Gora, Musulmi suka fi yawa a Tudun Wada, Rigasa da Kawo. Na biyu, masaƙu suka mutu. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi baya a 2007. Magidanta da yawa suka wayi gari ba albashi, tukunyar gida ta koma kan ɗan abin da uwargida ke juyawa.

Don haka ranarta kan fara tun da duhu. Bayan addu'ar safe da iyali, sai ɗibar ruwa, shirya yara, sannan ta nufi inda take nema. Wata malamar makaranta ce ko ma'aikaciyar jinya. Wata tana da teburin tumatir a kasuwar Sabon Tasha, wata na dama kunun zaƙi da zoɓo tana ɗurawa a robobi, wata na sarin citta da acca daga Kachia ko Kafanchan. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin Keke Napep ya shiga lissafin kowace fita, har ziyarar 'yan'uwa a ƙetaren gadar Kogin Kaduna ta zama sai da dalili.

Zumuntar mata

Ikilisiyoyin da ke sujada da Hausa sun fito daga tushe daban-daban. ECWA, wadda aka kafa a 1954, ta samo asali daga mishan ɗin SIM. COCIN ta fito daga mishan ɗin SUM, EYN ta fara a Garkiɗa a 1923, HEKAN kuwa hedikwatarta a Kaduna take. Amma a kowacce akwai zumuntar mata, kuma Katolika da Angilika ma suna da nasu ƙungiyoyin matan. Tun da cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, mata da yawa da ba su shiga aji ba sun koyi karatu ta hanyarsa da Littafin Waƙoƙi.

Taron kan kasance rana guda a tsakiyar mako, da yamma. Mace ta rufe shago da wuri, ta ɗaura zanen anko da kallabinsa, ta saɓa jaka. A cikin coci an jera benci a zagaye. Mai tulu ta rungume shi a cinya tana buga bakinsa da faifan soso, sautin yana fita da kauri. Mai ƙuge na riƙe da kari, masu caki suna cike tsakani. Mai ba da waƙa ta ɗaga murya, sauran suka amsa, kafin a ankara layi ya miƙe ana takawa a hankali, kafaɗa na bin kiɗa, jarirai na barci a baya. Da yawa daga waƙoƙin matan ne da kansu ke tsara su, kuma ba yabo kaɗai suke ɗauke da shi ba. Akwai masu jan kunnen miji mashayi, masu gargaɗin 'yan mata, masu kukan tsadar rayuwa. Abin da mace ba za ta iya faɗa wa dattawan ikilisiya ido da ido ba, takan rera shi ranar Lahadi a gabansu, su kuma su saurara.

Bayan waƙa da nazarin Littafi, sai shugabar mata, wadda kowa ke kira Mama, ta buɗe littafin rajista. A nan ake jin wadda ta haihu, wadda ke kwance a asibiti, wadda aka yi wa rasuwa. Ma'ajiya ta karɓi baiko da kuɗin wata, a yanke abin da za a kai wa kowacce, a naɗa masu zuwa gaisuwa. Idan an tashi, a bakin ƙofa ake zubin adashi. Mai kwasa a wannan mako ta riga ta san inda kuɗin za su: kuɗin makarantar yara, haya, ko buhun masara da za ta ajiye kafin ya yi tsada. Sau da yawa akan haɗa da koyon sana'a, kamar haɗa sabulun ruwa, man shafawa ko yin cincin.

Wannan tsari makarantar shugabanci ce. A ikilisiyoyin da ba a naɗa mace fasto, irin su ECWA, zumunta ce filin da take yin wa'azi, ta riƙe asusu, ta tsaya zaɓe, ta shirya babban taron da ke tara mata daga gundumomi da yawa. A makon mata kuwa su ke jan ragamar sujada.

Nishaɗi a wajen coci

Asabar ranar biki ce. Kafin ɗaurin aure akan yi bikin sallamar amarya, inda matan zumunta ke yi mata nasiha, su tara mata kayan ɗaki, su yi girki a manyan tukwane tun daren Juma'a. Hirar da ake yi a bakin murhu, ana yankan albasa ana tsokanar juna, tana cikin abin da mata ke ɗoki a mako. Wurin kitso ma haka yake.

A gida, idan akwai wuta, talabijin na kan finafinan Nollywood ko tashoshin wa'azi, kuma ba abin mamaki ba ne a tarar ana kallon fim ɗin Kannywood. Waya ta kawo sabon dandali: rukunin WhatsApp na zumunta, inda ake tura ayar safe, sanarwar rasuwa, hoton sabon anko da tallan kaya. 'Yan mata da matasan matan aure sun fi karkata ga Facebook da TikTok, wasunsu kuma sun koma cocin da ake sujada da Turanci, abin da ke damun iyayen zumunta ƙwarai.

Babban hutu na shekara shi ne tafiya gida. Daga tsakiyar Disamba tashar Television kan cika da mata da kaya, ana haramar Kirsimeti a Zonkwa, Kwoi ko Kagoro, inda ake bikin Afan ranar 1 ga Janairu. Sai dai hare-hare a ƙauyuka da garkuwa da mutane a hanya sun sa iyalai da yawa suna yin bikin a birni, matan zumunta kuma suna karɓar 'yan'uwan da suka gudo.

Ƙetare gada

Rabuwar unguwanni ba ta yanke hulɗa gaba ɗaya ba. Mai sayen atamfar anko takan je Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, mai neman gwanjo ta shiga Kasuwar Barci, kuma ciniki da Alhajin da aka saba da shi shekara da shekaru yana nan, har da bashi bisa amana. A ofis da asibiti ana aiki tare, ana aika naman Sallah da abincin Kirsimeti. A 2010 Sista Kathleen McGarvey ta jagoranci kafa majalisar mata Musulmi da Kirista a Kaduna, wadda ta haɗa shugabannin ƙungiyoyin matan addinan biyu, ciki har da ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN. Abin da ya ragu shi ne zaman gida ɗaya. Uwar da ta tashi a gidan haya tare da Musulmi a Tudun Wada tana renon 'yar da ba ta taɓa yin maƙwabciya Musulma ba.

Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa a kudancin birnin Kaduna, nishaɗin mace Kirista, ibadarta da tattalin gidanta suna gudana a wuri ɗaya kuma a hannun mutane ɗaya. Wannan na da amfani ga masu tsara shirin lafiya, bashin sana'a ko sulhu, domin zumunta tana da rajista, asusu da shugabannin da ake jin maganarsu. Akwai kuma aiki a gaban masu nazarin Hausa: waƙoƙin zumunta adabin baka ne da ake ƙirƙira kowane mako, kuma mafi yawansu ba a rubuce suke ba. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'in Kaduna, Zariya da Jos su naɗe su, su rubuta su tare da sunayen matan da suka tsara su, tun tsofaffin masu ba da waƙa suna raye.