Matan da Suka Tare Ƙofa a Accra: Darasi Daga Laberiya

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, don waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Kwanakin baya na halarci wani zaman sulhu a wani ƙauye. Dattawa na kan tabarma, malamai na gefe, jami'an tsaro na tsaye. Matan da aka kashe wa mazaje kuwa suna bayan zana suna girka wa baƙi abinci, samari kuma aikinsu jera kujeru. Aka yi addu'a aka watse, ba wanda ya tambaye su komai. Wallahi tun a hanyar komawa gida nake ta tuna Laberiya, shi ya sa yau can za mu je.

A jajibirin Kirsimeti na 1989, Charles Taylor ya tsallako daga Kodebuwa da mayaƙansa zuwa yankin Nimba. Daga nan wuta ta kama. An ɗan lafa, har aka zaɓi Taylor shugaban ƙasa a 1997, sai yaƙi ya dawo a 1999, ya kai har 2003. An ƙiyasta mutum kusan dubu 250 sun mutu. Taylor yana da runduna guda ta ƙananan yara zalla, ana ba su ƙwaya da bindiga. Fyaɗe kuwa ya zama makami. Mu ma ba 'yan kallo ba ne, domin sojojin Najeriya ne ƙashin bayan rundunar ECOMOG, kuma da yawa ba su dawo gida ba.

To, a nan ne Leymah Gbowee ta shigo. Shekararta 17 lokacin da yaƙin ya fara, wato ita ma yaƙin ne ya cinye ƙuruciyarta. Daga baya ta yi aikin kwantar da hankalin yaran da suka taɓa riƙe bindiga. Ta fara tara mata a coci suna addu'ar zaman lafiya, sai wata 'yar sanda Musulma, Asatu Bah Kenneth, ta ce ita ma za ta kawo matan Musulmi. Hujjarsu mai sauƙi ce: harsashi ba ya tambayar addinin mutum.

A Afrilun 2003 suka sa fararen riguna da fararen ɗankwali, suka zauna a wani fili kusa da kasuwar kifi ta Monrovia, a bakin hanyar da ayarin Taylor yake bi. Rana da ruwan sama suna nan. 'Yan kasuwa ne, da 'yan gudun hijira, da iyayen yaran da aka kwashe. Taylor ya yi kunnen uwar shegu har ya gaji, a ranar 23 ga Afrilu ya gana da su, ya yi alkawarin zuwa teburin sulhu a Gana.

An buɗe tattaunawar ranar 4 ga Yuni. Kun san wa ECOWAS ta naɗa mai shiga tsakani? Janar Abdulsalami Abubakar, namu na Minna. Amma makonni suka shuɗe ba a cimma komai ba. Shugabannin 'yan tawaye na kwana a otal, suna jayayya kan wa zai samu wace ma'aikata, alhali bama-bamai na sauka kan Monrovia, har mutane suka jibge gawawwaki a ƙofar ofishin jakadancin Amurka.

A watan Yuli tura ta kai bango. Mata kusan 200 suka zauna a ƙofar zauren taron a Accra, suka sarƙe hannuwa, suka ce ba mai fita sai an daidaita. Da jami'an tsaro suka zo kama Leymah, sai ta fara kwance ɗankwalinta, ta ce za ta tuɓe. A al'adarsu, uwa ta tuɓe a gaban namiji da gangan tsinuwa ce. Kowa ya ja da baya. Yadda Leymah ta ba da labari, Abdulsalami ya fito ya saurare su, ya kuma kora masu son ficewa suka koma ciki. Ba wai su kaɗai suka ƙare yaƙin ba, akwai matsin 'yan tawaye da na ƙasashen waje, amma daga ranar wasa ya ƙare. Taylor ya sauka ranar 11 ga Agusta ya taho Kalaba, aka sa hannu kan yarjejeniya ranar 18 ga wata.

Yawancin masu ba da labarin nan a nan suke tsayawa, su ƙara da zaɓen Ellen Johnson Sirleaf a 2005 da kyautar Nobel ta 2011. Ni kuwa abin da ya biyo baya ne ya fi damu na.

Na farko, rabon muƙamai. Gwamnatin riƙon ƙwarya an raba yawancin manyan ma'aikatunta ne tsakanin ɓangarorin da suka riƙe bindiga. Kun ga, matan sun tare ƙofa, amma a cikin ɗakin aka yi rabon.

Na biyu, karɓar makamai. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara aikin a Disambar 2003, ya rikice, har aka dakatar. Matan nan ne suka shiga cikin yaran suna lallashi, saboda sun san su, 'ya'yansu ne. A ƙarshe sama da mutum dubu 100 suka bi ta shirin, ciki har da mata fiye da dubu 22 da yara kusan dubu 11. Wato wanda ya ce yaƙi harkar manyan maza ce bai ƙirga daidai ba. Samari da yawa da suka ajiye bindiga acaɓa suka koma don neman na tuwo.

Na uku, adalci. Hukumar Gaskiya da Sasantawa ta fara aiki a 2006, da kwamishinoni 9, huɗu mata. Ta karɓi bayanan mutum kusan dubu 20, kusan rabi daga bakin mata, ta kuma yi zama na musamman don mata da yara. Wannan abin koyi ne. A 2009 ta ba da shawarar a kafa kotu ta musamman, a biya diyya, a hana wasu riƙe muƙami na shekara 30, ciki har da ita kanta Sirleaf, saboda goyon bayan da ta taɓa bai wa Taylor a farko. Sai rahoton ya kwanta. Prince Johnson, wanda mayaƙansa suka kashe Shugaba Samuel Doe, ya zama sanata har ya mutu a 2024 bai tsaya gaban alƙali ba. Taylor, da aka kama a Gamborun Ngala a 2006 yana ƙoƙarin tsallakawa Kamaru, an ɗaure shi shekara 50, amma kan laifukan Saliyo ne, ba na Laberiya ba. Sai a Mayun 2024 Shugaba Joseph Boakai ya sa hannu kan kafa ofishin da zai shirya kotun. Shekara 21 ke nan bayan yaƙi.

Ku yi tunanin matar da ta tsaya gaban hukuma ta faɗi abin da ko mijinta ba ta faɗa wa ba, sannan ta wayi gari wanda ya jagoranci abin yana majalisa. Wannan ba zaman lafiya ba ne cikakke, shirun bindiga ne kawai.

Abin da na ɗauka shi ne, bai isa a gayyato mata su yi kuka a gaban makirfo ba, ko a kira matasa su ɗauki hoto. Dole su kasance inda ake yanke wa za a yafe wa, wa za a hukunta, nawa ne diyya, kuma wa zai bibiyi alkawarin bayan baƙi sun tafi. Kwamitin Sulhu ya faɗi haka a ƙudiri na 1325 a 2000 kan mata, da na 2250 a 2015 kan matasa. Amma takarda ba ta tare ƙofa.

Yau a Borno ana mayar da tubabbu cikin gari, a Zamfara da Katsina ana ta batun sulhu da 'yan bindiga. Ba na ce kada a yi ba. Tambayata ɗaya ce: an tambayi bazawarar da za ta zama maƙwabciyarsa? An tambayi marayan?

Idan an taɓa yin zaman sulhu a garinku, ku faɗa mana a ƙasa: su wa suka zauna a kan tabarma, su wa aka bari a bayan zana? Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.