Toka da Zoɓo a Ajin Kimiyya

'Yan ajinmu za su tuna ranar da takardar litmus ta ƙare, Malam ya aike ni neman toka da zoɓo. Ni ɗan Runka ne, na tashi ina ganin iyayenmu mata suna tace tokar kara don yin sabulun salo, ban san akwai karatu ciki ba.

Malam ya ɗiga ruwan tokar a zoɓo, ja ya koma kore. Ya ƙona farar wuta, ya kaɗa hayaƙin cikin ruwa, ya zuba, ja ya dawo. Ya ce in ƙarfe ya ƙone cikin iska alkali yake bayarwa, wanda ba ƙarfe ba kuwa asid. Muka yi ta dariya, wai alƙali a murhu. Ashe kalmar Larabci ce mai nufin toka.

Masana ma sun daɗe suna lalube. A 1777 Lavoisier na Faransa ya raɗa wa oksijin suna mai nufin mahaifin asid, yana zaton duk asid daga gare shi yake. Kuskure ne. A 1807 Humphry Davy na Ingila ya sa lantarki cikin gishirin da ake samu daga toka, ya fitar da sabon ƙarfe, potasiyam. Sannu a hankali aka gane abokin haɗin oksijin ne ke yanke hukunci. Alminiyam, ƙarfen tukwanenmu, shi ne mai baki biyu, asid da alkali duk suna cin tsatsarsa. Tambayarsa ce ta kā da ni a jarrabawar gwaji, Malam bai manta ba har muka fita.